Abin dubawa kafin a amince da lissafin manhaja

Jama'a, ga shawara ga masu zanen gini da injiniyoyin da ke amfani da manhajoji irin su One Click LCA ko EnergyPlus wajen ƙiyasta hayaƙin kabon da makamashin da gini zai ci tsawon rayuwarsa.

Kafin ku kwatanta zane biyu, ku tabbatar an auna su da mudu ɗaya. Idan an lissafa na farko a kan shekara 60, na biyu kuma a kan shekara 50, kwatancen ya rushe tun daga tushe. Haka kuma ku duba ko lissafin ya tsaya ga haƙo kayan gini da sarrafa su, ko kuwa ya haɗa da jigila, gyare-gyare, sauya tagogi da na'urorin sanyaya ɗaki, har zuwa ranar rushe ginin, kamar yadda EN 15978, ƙa'idar Turai ta auna tasirin gini ga muhalli, ta tsara.

A ganina, inda aka fi yin sakaci shi ne bayanan siminti da ƙarfe, domin yawanci a nan ne nauyin kabon ya fi taruwa, amma mutane da yawa suna barin matsakaicin adadin da manhajar ta zo da shi, alhali masana'antar da za a sayi kayan tana iya samun takardar shaidar muhalli ta kanta, wato takardar da ke nuna adadin kabon da ake fitarwa wajen samar da kayanta.

Wajen makamashi kuwa, ku zaɓi bayanan yanayi na garin da ginin zai tsaya.