Yadda Ake Ƙawata Ɗaki da Ɗanyen Reshe a Lokacin Hunturu

A ƙasashen Turai da Amurka, inda yawancin bishiyoyi ke kaɗe ganye a hunturu, akan ƙawata gida da rassan itatuwan da ba sa rabuwa da ganyensu, irin su fir da al'ul.

Da farko, a zaɓi reshen da ganyensa ba ya zuba idan an girgiza shi. A yanke gindinsa a karkace da wuƙa mai kaifi, domin ƙaron da ke fitowa daga tsohon yanka yakan toshe hanyar shan ruwa, sannan a jiƙa rassan a bokiti su kwana, wanda shi ne matakin da bai kamata a tsallake ba.

Washegari a tsige ganyen da zai nutse cikin ruwa don kada ya ruɓe, a jera dogayen rassa a tsakiyar tulun gilashi, gajerun kuma a kewaye da su.

A ajiye tulun nesa da na'urar ɗumama ɗaki da kyandir, saboda busasshen reshe yana saurin kama wuta. A riƙa ƙara ruwa, ana yayyafa wa ganyen, kuma a fitar da rassan da zarar ganyensu ya fara zuba.