Yadda ake mayar da bambaro gonar shinkafa ba tare da ya cinye mata naitirojin ba

Manomi ya binne bambaro yau, jibi ya yi dashe. Bayan sati biyu sai ya ga ganye ya koma ruwan ɗorawa, shinkafa ta tsaya cak ba ta 'ya'ya. Daga nan ya yanke cewa bambaro kashe gona yake yi, baɗi ya cinna masa wuta. Wannan asara tana ci mini rai, domin a kowane tan na bambaro akwai kilo 5 zuwa 8 na naitirojin, wato sinadarin da ke sa shuka ta yi kore ta girma, kuma kusan dukkansa hayaƙi ke tafiya da shi.

Ga abin da ke faruwa a ƙasa. Ƙananan halittun da ke ruɓar da bambaro su ma naitirojin suke ci. A bambaro kuwa, kashi 1 na naitirojin yana tare da kashi 50 zuwa 80 na kabon, wato sinadarin da ke ba su ƙarfi, alhali su suna buƙatar kashi 1 na naitirojin ga kowane kusan kashi 25 na kabon. Abin da suka rasa sai su ranta daga ƙasa, su bar shinkafa da yunwa. Za su biya, amma sai bambaron ya ruɓe.

Saboda haka matakin farko shi ne ka ba su lokaci. Da an gama girbi, ka daddatse bambaron, ka baza shi ko'ina, kada ka bar shi tsibi-tsibi inda aka yi sussuka. Ka juya shi cikin ƙasa zurfin santimita 5 zuwa 10 tun tana da danshi, kafin a tara ruwa. Ko kaɗan a samu sati uku kafin dashe, in ya kai wata ya fi. Ɗanyen bambaro a ƙarƙashin ruwa ba ya samun iska, sai ya yi tsami ya fitar da gubar da ke baƙanta saiwa. In ka tumɓuke shuka ka ga saiwarta baƙa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to hakan ce ta faru.

Idan lokaci ya ƙure, ka kwashe bambaron ka yi taki da shi. Shimfiɗa bambaro, ka bi shi da kashin shanu ko na kaji da harawar wake ko ta gyaɗa, ka yayyafa ruwa, ka sake wani hawa. Damƙi kaɗan ka matse: ya jiƙa tafin hannu amma kada ruwa ya zuba. Cikin kwana uku in ka soka hannu a tsibin za ka ji zafi. Ka riƙa juya shi duk sati biyu. A wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa marmashewa yana ƙamshin ƙasa. Irin wannan ba ya rancen komai, sai a zuba shi lokacin gyaran gona.

Sai dai kada ka ɗora wa takin abin da ba zai iya ba. Naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma a hankali yake sakin sa, shekara bayan shekara. Shinkafa kuwa tana jan naitirojin kilo 15 zuwa 20 kafin ta ba da tan ɗaya. Ka cike giɓin da yuriya, ka raba ta: kaɗan a farko idan ka binne bambaro, wani kaso lokacin 'ya'ya, sauran idan za ta ɗauki ciki.