Yadda nake ƙarfafa haidirojel ba tare da na kashe kumburinsa ba

Haidirojel raga ce ta dogayen zarurrukan sinadari, wato folima, mai shan ruwa ta kumbura. Jel na farko da na haɗa da PNIPAM, folima mai jin zafi, ya yi duk abin da aka ce zai yi. A ruwan sanyi ya sha ruwa ya kumbura, garau kamar gilashi. Da na tsoma shi a ruwan da zafinsa ya haura digiri 32, sai ya yi fari fat, ya tsuke, ya amayar da ruwansa. Amma ina ɗaga shi da hantsaki ya farfashe kamar ɗanyar awara. Jel ɗin da ba ya ɗaukuwa ba zai rufe rauni ba, balle ya riƙe magani ya sake shi a lokacin da ake so.

Abin da kowa ke fara yi shi na yi: na ƙara BIS, sinadarin da ke ƙulla zarurrukan folima da juna. Kada ka bi wannan hanya. Jel zai yi tauri, amma tauri daban, juriya daban. Idan ƙulli ya yi yawa, zaren da ke tsakani sai ya gajarce, kuma ba tsawonsu ɗaya ba. Mafi gajarta ne ke fara tsinkewa, tsagar ta bi ta ratsa. Ga shi idanun ragar sun ƙanƙance, ruwan da zai sha ya ragu. Ba tsuntsu, ba tarko.

Yumɓu ne ya fid da ni. A 2002 Haraguchi da Takehisa a Japan suka nuna cewa za a iya barin BIS gaba ɗaya, a sa yumɓun da ake haɗawa a masana'anta, irin Laponite. Kowace ƙwayarsa faifai ce, kaurinta nanomita 1, faɗinta wajen 25 zuwa 30. Zarurruka masu yawa ke maƙale wa faifai ɗaya, dogaye kuma sakakku, shi ya sa jel ɗin ke miƙewa fiye da ninki goma kamar danƙo.

Ga yadda nake yi. Sa safar hannu tukuna, kuma kada ka shaƙi garin sinadaran. Auna tataccen ruwa mililita 10, ka hura masa naitirojin, domin oksijin na hana zaren ƙulluwa. Barbaɗa Laponite giram 0.38 kaɗan-kaɗan kana juyawa, kamar mai talge. Ka zuba a tashi ɗaya, gudaji za ka samu. Kada ka ci gaba sai ruwan ya washe tas. Sannan NIPAM, sinadarin da ke ƙulluwa ya zama zaren PNIPAM, giram 1.13. Dasa kwalbar cikin ƙanƙara, ka sa TEMED maikurolita 8, a ƙarshe KPS giram 0.01 da ka narkar a ɗan ruwa; waɗannan sinadarai biyu su ne ke tayar da ƙulluwar zaren. Juye cikin mazubi, toshe, ka bar shi awa 20 a kan digiri 20. Bayan nan ka wanke shi kwanaki kana sauya ruwa.

Wannan digiri 20 ɗin, ka riƙe shi da kyau. Na taɓa haɗawa a watan Afrilu, wuta ta ɗauke da dare, ɗakin ya wuce digiri 32. Da safe na tarar da jel fari kamar kindirmo, mai saurin yagewa, domin zaren ya dunƙule tun yana ƙulluwa. Tun daga nan, a bazara cikin kula nake ajiye mazubin, da ruwan sanyi da ma'aunin zafi a ciki.

Duk canjin da ka yi, koma ka auna kumburi. Busar da yanki ka auna nauyinsa, jiƙa shi har nauyin ya daina ƙaruwa, goge ruwan samansa, ka sake aunawa. Bambancin sai ka raba da nauyin busasshen. Yumɓu na ƙaruwa, ƙarfi na ƙaruwa, amma kumburi na raguwa kuma tsukewa na yin nawa. Ni nakan tsaya a mafi ƙarancin yumɓun da zai bar jel ya ɗauku ba tare da ya yage ba. Idan sauri kake so, rage kauri: tun 1979 Tanaka da Fillmore suka nuna cewa rabin girma na mayar da lokacin kumburi kashi ɗaya cikin huɗu.

Jel mai jin tsami, irin na asid ɗin akirilik, ba ya jituwa da yumɓu yadda NIPAM ke yi, yakan sa shi curewa. Nan raga biyu ta fi, dabarar da Jian Ping Gong ta fito da ita a Jami'ar Hokkaido a 2003: raga ta farko matsattsiya, sai a jiƙa ta a sinadarin ta biyu, mai yawa kuma sakakkiya. Idan aka ja, ta farkon ce ke karyewa ta shanye ƙarfin, ta biyun ta riƙe jikin. Haɗin aljinet, folimar da ake samu daga ciyawar teku, da akirilamaid da aka yi a Harvard a 2012 ya miƙe fiye da ninki 20, sai dai kalsiyam ne ke ɗaure aljinet ɗin, kuma a ruwan gishiri yakan zare a hankali. Don haka idan jel ɗinka jiki zai shiga, a ruwan gishiri mai digiri 37 za ka jiƙa shi, ya kwana biyu, sannan ka ja ka gani.