Yadda Ake Shirya Ɗalibai Don Bikin Kiɗa da Waƙa na Makarantun Yanki

Ko ƙungiyar badujala za ku kai, ko ta mawaƙa, ko ta masu goge da bushe-bushe, ku fara da takardar ƙa'idojin bikin. A ciki za ku ga mintocin da aka ba kowace makaranta, yawan kiɗan da ake so, da kwafi nawa za a miƙa wa alƙalai. Ku sa wa kowace gaɓa ta rubutaccen kiɗan lamba, domin da lambar alƙali zai nuna muku inda aka yi kuskure. Idan minti 12 aka ba ku har da hawa da sauka daga dandamali, ku tsara abin da bai wuce minti 10 ba.

Wajen zaɓen kiɗa yawancin ƙungiyoyi ke kayar da kansu. Ku ɗauki wanda yara za su iya bi daga farko har ƙarshe tun a gwaji na biyu ko na uku, ko da suna tuntuɓe. Wanda ya fi ƙarfinsu zai cinye makonni ana haddar sautuka, ranar biki ta zo ba a taɓa gyaran daɗinsa ba. Alƙali kuwa abin da kunnensa ya ji yake ba wa maki.

Mako takwas zuwa goma sun isa. Ku fara a hankali da na'urar ƙidayar bugu: in an rubuta bugu 120 a minti, ku soma da 80, ku riƙa ƙara huɗu-huɗu, kuma kada a ƙara sai wurin ya fita tsaf sau uku a jere. Daga mako na biyar ku riƙa naɗar gwajin da waya kuna saurara tare da yaran.

Daidaita sauti ya cancanci lokaci fiye da wanda aka saba ba shi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne sautin da ake kira A, mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, kuma a ƙungiyar goge da busa mai obo (abin busa mai kama da algaita) ne ke ba da shi. Matsalar ita ce zafi. Abin busa in ya ɗumama sautinsa hawa yake yi, saboda sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi. Tsirkiya kuwa saki take yi, sautinta ya sauka. Ke nan ɗaki mai zafi yana raba ɓangarorin biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Don haka kada a daidaita ƙaho yana sanyi. A busa minti biyar zuwa goma tukuna, sannan a ja bututun daidaita sautin ƙahon waje in sauti ya yi sama, a tura shi ciki in ya yi ƙasa. Sabuwar tsirkiya takan yi kwanaki tana miƙewa, saboda haka a canza ta mako biyu kafin biki. Masu kilarinet (wani abin busa) da obo kowa ya riƙe harshen busa uku, wato ɗan siririn karan da ke kaɗawa a bakin abin busa, da ya riga ya saba da su. Na obo a jiƙa shi a ruwa minti biyu ko uku.

Mawaƙa nasu ciwon daban ne: murya na zamewa ƙasa sannu a hankali, musamman a ƙarshen dogon baiti da numfashi ya ƙare. Ku sa alama da fensir a inda kowa zai shaƙi iska, ku kuma haɗa bakinsu a kan yadda ake furta wasula. Samari masu shekara 12 zuwa 15 muryarsu na canzawa, a riƙa gwada su duk wata ana sauya musu layi, kada a tilasta musu sautin da ya kuɓuce musu. A dandamali a hana su ƙame gwiwa, domin doguwar tsayuwa a ƙame na kawo jiri, wani lokaci har suma.

Zauren biki ba ajinku ba ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ga amsa-kuwwa daga bango, sai yaron da ke layin baya ya ji kiɗa a makare, ya biyo shi a makare. Ku saba musu da bin hannun jagora da ido. Masu ganga da ƙaho su rage ƙarfi. Muddin ba a jin sarewa, sun yi yawa. In da hali, a yi gwaji ɗaya a babban ɗaki da tsarin zaman da za a yi ranar.

A jakar malami a samu man maɓallan ƙaho, ƙaron izga, tsirkiyoyi da sandunan ganga na ko-ta-kwana, fensir, ruwan sha da ƙarin kwafin kowane ɓangare. Ku isa awa guda kafin lokaci, a hana yara ihu a mota don kada murya ta dushe.

Tun a aji a koya musu abin yi in wani ya ɓata: kada ya tsaya yana waige-waige, ya yi shiru yana ƙirga bugu, ya shigo a gaɓar da aka yi wa alama ta gaba. Ku gwada wannan da gangan, ku dakatar da layi ɗaya a tsakiyar kiɗa ku ga ko za su iya dawowa da kansu.