Yadda za ka lissafa wutar da faifan sola zai ba ka

Hasken rana da ke isowa duniya ya kai kimanin terawat 173,000 (terawat ɗaya wat tiriliyan ɗaya ne). Abin da ke sauka cikin awa ɗaya ya kusa kai makamashin da bil'adama ke ci a shekara guda. Sai dai kusan kashi 30 cikin 100 gajimare, iska da doron ƙasa ke mayar da shi sama. Da tsakar rana, in gari ya washe, kowace murabba'in mita tana samun kimanin wat 1,000, kuma faifan kasuwa kashi 20 kawai yake mayarwa lantarki, ko ɗan sama da haka.

Kada ka ƙirga awa 12, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Hasken yini guda a Kano, Sakkwato ko Damagaram daidai yake da awa 5.5 zuwa 6 na irin wancan hasken tsakar rana. Ɗauki 5.5, ka ninka da wat ɗin da aka rubuta a bayan faifan, sannan ka zubar da kwata. Faifan wat 400: 400 sau 5.5 ya ba da 2,200, a cire kwata saura wat-awa 1,650 a yini (wat-awa ɗaya shi ne wutar wat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Wannan zai ɗauki fanka biyu masu wat 60 na awa 8, ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa 5, da talabijin mai wat 80 na awa 4. Jimilla 1,580. Firij kuwa sai an ƙara faifai.

Ina kwatan nan ke tafiya? Zafi ne kan gaba, abin da mutane da yawa ba sa yarda da shi. Wat ɗin da ke jikin faifan an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4. A bazara faifan da aka manna a kan kwano yana iya kai digiri 65, ka ga kusan kashi 15 ya tafi ke nan. Bar tazarar akalla santimita 10 a ƙarƙashinsa iska ta riƙa ratsawa. Sauran asarar ta ƙura ce, da siririyar waya, da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faifai ko batir irin ta gida.

Faifan ya kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15. Da hunturu a wanke shi duk mako, da sassafe. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Inuwar tankin ruwa ko reshen dalbejiya a gefe ɗaya tana rage wutar dukan faifan da aka jona a layi ɗaya.

Batir mai ruwa na bolt 12 da 200Ah (Ah ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa ne) yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi ne naka. Yawan zuƙe shi ƙasa da haka shi ke kashe shi da wuri. Na litiyam yana jure kashi 80.

In kana son wuta ko a watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe sama, yi lissafin da awa 4.5.