Tsofaffin Bindigogi da Banati: Kurakuran da Sababbin Masu Tarawa ke Maimaitawa a Kano

Tsofaffin makamai ba su ƙare a gidajen Kano ba. Akwai na kakannin da suka yi soja lokacin yaƙin Bama, akwai na mafarauta, akwai bindigogin toka irin na 'yan bindigar da ke cika gari da ƙara ranar hawan Sallah. Matsalar ita ce sababbin masu sha'awa suna shigowa da kuɗi ba tare da sani ba, kurakuransu kuma iri ɗaya ne kullum.

Mafi muni shi ne zaton cewa tsufa yana fitar da bindiga daga hannun doka. Ba ya fitar da ita. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta sa bindigogin soja masu harsashin .303 da 7.62 cikin waɗanda aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, hukuncin mallakarsu kuma ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Bindigar sojan Ingila ta Lee-Enfield da Kaka ya bari a bayan ƙofa .303 ce, ko da tsatsa ta cinye ta. Bindigar toka ma sai da izinin Kwamishinan 'Yan Sanda, saye da sayarwa kuma aikin dillali mai rajista ne. Duk da haka sai ka ga yaro ya ɗauki hotonta ya saka a Facebook yana neman mai saye! Idan ta fito cikin gado, a bar ta inda take, a sanar da 'yan sanda a rubuce, a riƙe kwafin takardar. Idan tana da tarihi, a tuntuɓi ma'aikatan Gidan Makama. Akwai kuma dokar kayan tarihi ta 1979: makamin da maƙeranmu suka ƙera kafin 1918 ba a sayar da shi sai ga wakilin da hukumar gidajen tarihi ta amince da shi, ba a fitar da shi waje sai da izini. Wannan ya shafi tsofaffin takubba da masu.

Kar ka ja kunama don gwaji. Bindigar toka kan shekara da shekaru a ɗure, albarushi kuma ba ya mutuwa in dai bai jiƙe ba. Zura sanda ta baki, fuskarka a gefe, ka yi alama inda ta tsaya, ka fitar ka gwada ta waje. In ba ta kai ƙarshen bututun ba, akwai abu a ciki.

Sai gyaran gangar auzinawa, wanda shi ne ke fi ɓata min rai. Mutum ya samu banati (wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga) ko takobi mai shekara ɗari, ya kai wa mai walda ya goge da injin gurza ƙarfe har ya yi fari fat, ya bi katako da samfefa, ya shafa man sheƙi na kafintoci, sannan ya zo yana tambayar nawa ya ƙaru. Malam, raguwa ya yi, kuma ba zai dawo ba. Duhun da ke jikin ƙarfen da ƙananan hatiman da ka goge su ne shaidar shekarunsa, su mai saye yake biya. Jan tsatsa kaɗai ake cirewa. Ni man keken ɗinki nake ɗigawa, in bar shi ya kwana, in goge da tsumma mai kauri. Inda ya ƙi, in kankare a hankali da gefen jan ƙarfe, domin ya fi ƙarfen makamin laushi, ba ya karce shi. Baƙin man mota kuwa yana shiga katako ya ruɓar da shi ta ciki. Katako man linsid yake so, ɗan kaɗan a tafin hannu, a goge ragowar bayan rabin awa.

Wajen ƙiyasta daraja, a daina sayen labari. Kowane dillali zai ce kayansa ya ga shigowar Turawa Kano a 1903. Karanta ƙarfen. Kayan gwamnatin Ingila suna da alamar kibiya mai kai uku, da kambi, da haruffan sarauta: VR na Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta rasu a 1901, don haka VR tare da shekarar 1910 jabu ne. ER na Edward ne zuwa 1910, GR kuma na George. Samfurin Lee-Enfield mai suna SMLE Mk III sai 1907 ya fito, ba yadda za a yi ya halarci 1903. Lambar da ke jikin bindiga ta dace da ta sakatarta da ta bututu. In sun saɓa, haɗe-haɗe ce, darajarta ta faɗi. Haruffan DP na nufin an ware ta don fareti kawai, ba ta harbi ba ce.

Banati ma yana ruɗa mutane. Mai kaifi mai tsawon inci 17 da aka buga wa 1907, wannan shekarar samfuri ce. Ainihin wata da shekarar ƙira suna ƙasa da ita da ƙananan lambobi. Mai lanƙwasasshen ƙugiya a gindin kaifi ya fi tsada, domin a Ingila an daina yin ƙugiyar tun 1913, shi ya sa ake liƙa ta da walda. Duba mahaɗar da fitila.

Kar a wasa tsohon banati. Kar a raba shi da kubensa wajen sayarwa. Amma kuma kar a bar shi cikin kuben fata da damina, fata tana riƙe laima ta haifar da tsatsa. Da hunturu katako kan tsage, sai a ƙara masa mai kafin sanyi ya kama. Kada a jingina kaya da bangon ƙasa saboda gara, a rataye su, a riƙa dubawa duk wata.