Yadda ake ɗanɗana giyar pale ale da ta nuna a kwalba, a ba ta maki

Yawancin giyar kwalba tun a kamfani ake gamawa da ita: a tace ta, a kashe yistin ciki da zafi, a ɗura mata gas da inji. Akwai wadda ba haka ake yi mata ba. Mai haɗawa yakan bar yisti mai rai da ɗan sukari a ciki kafin ya rufe marfi, sai yistin ya yi kamar mako biyu zuwa uku yana cin sukarin, ya fitar da gas da kansa, sannan ya kwanta a gindin kwalba. Wanda ya san burkutu, da ake sha yistinsa na kan aiki, zai gane zancen, sai dai a nan an kulle aikin a cikin gilashi.

Pale ale 'yar Ingila ce, kuma garin Burton ne ya fito da sunanta, saboda ruwan rijiyoyinsa yana da sinadarin jifsam mai sa ɗacin hops, furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, ya fito sarai. Lokacin da aka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar gargajiyar ƙasar, Worthington White Shield tana cikin 'yan tsirarun da suka rage ana nunar da su a kwalba. A Amurka akwai Sierra Nevada Pale Ale, da aka fara yi a garin Chico na Kalifoniya a 1980, a Ostareliya kuma akwai Coopers ta birnin Adelaide. Dukansu giya ce mai sa maye, ƙarfinta daga kashi 4.5 zuwa 5.6 cikin ɗari, shi ya sa alƙalan gasa 'yar kaɗan suke zubawa, su kurɓi ruwa tsakanin wannan kwalba da waccan.

Aikin yana farawa tun ba a taɓa mabuɗi ba. Ka ajiye kwalbar a tsaye, a wuri mai sanyi da duhu, kwana ɗaya ko biyu, don yistin da tafiya ta tayar ya koma ya kwanta. Sanyin da ake so digiri 10 zuwa 13 ne. Firiji ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba, kuma sanyi yana rufe ƙamshi, don haka in daga can ka ciro ta, bar ta ta huta kamar minti ashirin. Sau da yawa giyar da aka kushe ba laifin mai haɗa ta ba ne, wanda ya girgiza ta ko ya daskarar da ita ne ya ɓata ta, kuma alƙalin da bai raba waɗannan biyun ba ya yi zalunci.

Tambulan ya zama wankakke, an ɗauraye shi sosai. Ɗigon maiƙo ko ragowar sabulu yana kashe kumfa nan take. Ya kuma isa ya ɗauki duk abin da ke kwalbar a zubi ɗaya.

Ɗaga kwalbar a hankali ka duba ta a haske. Yistin kirki siriri ne, ya manne a gindi. In ka ga zobe a wuyan kwalba daidai inda giyar ta tsaya, ka sa ido, wani lokaci alamar baƙuwar ƙwayar cuta ce. Sai ka buɗe ka kasa kunne. Ɗan gajeren "tsss" shi ake so. Shiru na nufin yisti bai yi aikinsa ba, ko marfi ya yi yoyo. In kuwa ta yi tsiri tana ambaliya alhali ba a girgiza ta ba, to sukari ya yi yawa, ko wani yistin daji ya shiga yana cin abin da na gida ya bari.

Zubawa ce ta fi buƙatar hannu. Karkata tambulan, ka kwantar da kwalbar sannu, ka tsiyaya ba tsayawa. Kana ɗagowa a tsakiyar zubi, giyar za ta koma baya ta tayar da yistin, shi ke nan ta gurɓace. Idonka yana kan wuyan kwalba: da ka ga wani zare mai hazo ya taho, ka tsaya, ka bar kamar kaurin yatsa ɗaya a ciki. Wannan al'adar Ingila ce. Masu shan Coopers su mirgina kwalbar suke yi da gangan don yistin ya gauraye. Ni dai na fi son a fara da tatacciya, domin za ka iya ƙara yisti daga baya, amma ba ka iya cire shi.

Hanci ne kan gaba, domin wasu ƙamsassan ba sa jira. Shaƙa gajere sau biyu ko uku, ka juya tambulan, ka sake. A ta Ingila za ka ji garɗin tsiron sha'ir kamar biskit, da ƙamshin ganye ko ƙasa daga hops, da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace da yisti ya bayar. A ta Amurka hops ne ke gaba; nau'in Cascade da Sierra Nevada ke amfani da shi yana bugo hanci da ɓawon lemo. A nan kuma ake kama aibu. Ƙamshin man shanu yana nuna an gaggauta ta, yisti bai gama share bayansa ba. Ɗanyen tuffa ma yarinta ce, kuma kwalba mai yisti mai rai takan gyara wannan in an ƙara mata lokaci. Warin jiƙaƙƙen kwali tsufa ne da shigar iska, ba ya gyaruwa. Akwai kuma wani ɗoyi da hasken rana ke haifarwa idan ya bugi hops, shi ya sa kwalba ruwan ƙasa ta fi kore ko fara tsaro. Wannan laifin mai shago ne. Tsami irin na binega kuwa, a pale ale, lalacewa ce kai tsaye.

Ido ba ya ɗaukar lokaci: launi daga ruwan zinare zuwa jan ƙarfe, kumfa fara mai ƙananan ƙwayoyi da ke daɗewa, ta bar zane a jikin gilashi. Ɗan hazo kaɗan ba abin rage maki ba ne a irin wannan giya.

Sannan ka kurɓa, ka bar ta ta zagaye baki, ka haɗiye. Masu ɗanɗana ruwan inabi tofarwa suke yi, alƙalan giya kuwa haɗiyewa suke, saboda rabin hukuncin yana cikin abin da ya saura a maƙoshi. Tambayar ita ce ko zaƙin sha'ir da ɗacin hops sun riƙe juna. Zaƙi ya fara zuwa, ɗaci ya biyo ya share shi, baki ya bushe har ka so ƙari. Ɗaci mai tsafta daban yake da bauri mai kama harshe. Na biyun aibu ne. Lura da gas ɗin ma: wanda yisti ya yi a kwalba yakan zo da laushi, in yana yanka harshe to ya wuce kima. Kar ka yanke hukunci a kurɓar farko, domin tana ɗumi tana buɗewa, kyau da muni duk suna ƙara fitowa.

Yanzu ka juya ragowar da ka bari, ka zuba a wani ƙaramin kofi ka ɗanɗana shi daban. Ya kamata ka ji kamar ƙullin burodi da ɗan ɗaci. In ka ji kamar romon nama ko ƙonanniyar roba, yistin ya mutu ya fashe, kwalbar ta daɗe ko ta sha zafi.

Takardar makin da shirin BJCP na Amurka, mai tantance alƙalan giya, ke amfani da ita maki 50 ce: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, ra'ayin alƙali gaba ɗaya 10. Daga 38 zuwa sama giya ce ta ƙwarai, ƙasa da 21 kuwa akwai matsala babba. Ana auna ta ne da abin da rukuninta ya kamata ya zama, ba da son ran alƙali ba, don haka kar ka rage wa ta Ingila maki don ba ta ƙamshin lemo. Ka rubuta abin da ka ji kafin ka sa lamba, kuma in aibun irin wanda ajiya ke jawowa ne, buɗe kwalba ta biyu kafin ka ɗora wa mai haɗawa.